Keniyawan Gidan Malam Habu

Na san an ba ku labarin nan kashi biyu. A gidan kawunku Abdulƙadir an ce muku ni ce na ɗauko tatsuniyar Yahudawa na kawo ta tsakiyar zumunci, na raba kan gida don ina ji da karatuna. A gidana kuma kun ji ana cewa shi ne ya jefar da dangin uwarsa don ya sami surukai masu suna. Duka biyun an zuba musu gishiri, mai zuba gishirin ma na san ta, amma ba don ita na zauna rubutu ba. Ni Zainabu, 'yar Muhammadu ɗan Malam Habu, idona ya fara rauni. Gara in faɗi abin da na gani tun ina iya faɗa, in ya so kowa ya yi nasa hukuncin.

Dole in fara da kakanni, in ba haka ba ba za ku gane yadda wuƙa ɗaya ta zama abin magana ba. Malam Habu, kakana na wajen uba, ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa da niyyar Hajji, shi da iyalinsa da wasu 'yan tsiraru. Bayan sun wuce tafkin Chadi suka faɗa ƙasar da ba su san rijiyoyinta ba, ƙishirwa ta kusa gamawa da su. A wata kasuwar ƙauye suka haɗu da Ilu Maƙeri. Bahaushe ne shi ma, amma ya daɗe yana yawo tsakanin makiyaya da matarsa da jakinsa da zuga-zuginsa, yana gyara musu wuƙaƙe da linzami, har babu rijiyar da bai sha ba a wannan yanki. Malam ya roƙe shi ya shige musu gaba. Ilu ya ce shi ba Makka ya nufa ba, gida yake shirin komawa. Malam ya ce to ya raka su rijiya ta gaba kawai, kuma duk abin da suka ci shi ma ya ci. Daga rijiya ta gaba aka ce ta gabanta. Ana nan ana nan sai ga su a bakin Bahar Maliya, har an haifa wa Ilu 'ya mace a hanya, cikin ƙasar Sudan. Ita ce Inna, uwata.

Da suka zauna a Makka, lokaci ya zo da ake rubuta mutane ana ba su tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Malam Habu ya karɓa, ya gina gida a Tandabawi. Ilu ya ƙi. Ya tara nasa ya yi musu wasiyya cewa kada namiji a zuriyarsa ya karɓi ƙasar wani, kada kuma ya zauna ƙarƙashin rufin dutse ko siminti, domin su rakiya suka yi, in an gama Hajji gida za su koma. Ya yi Hajji har ya daina ƙirgawa, bai koma ba. Ya mutu a rumfar katako da kwano a kan dutsen Nakkasa. Kafin nan ya ba ɗan Malam Habu 'yarsa aure, aka haifi Yaya Abdulƙadir, aka haife ni. Wasiyyar ba ta hau kan Inna ba, tunda mace gidan mijinta take bi. Ta hau kan ƙanenta, Kawu Sale, shi kuwa ya riƙe ta da haƙoransa.

Kowane Ramadan gidan Malam Habu yana yin abin da mutanen ƙasar nan ke kira ashan iyaye. A yanka rago, a dafa shinkafa, a kira dangi da maƙwabta su sha ruwa, ladan ya tafi ga mamata. Wannan kowa na yi. Abin da ya zama namu mu kaɗai shi ne, ragon ba mai yanka shi sai namiji daga gidan Ilu, kuma da wuƙar da Ilu ya ƙera a hanya, wadda ya yanka musu akuya da ita ranar da ya kai su ga ruwa. Sannan kafin a sa hannu a faranti babban gida yakan kira sunayen mamata da ka, in ya ce Malam Habu sai ya ɗora da cewa, da Ilu Maƙeri da zuriyarsa, a numfashi ɗaya, ba ya ko haɗiye yawu a tsakani. Ina ƙarama na zaci sunan mutum ɗaya ne mai tsawo. Babana ya kira sunayen haka har ya rasu, Yaya ya gaje shi ya ci gaba da kira haka shekaru masu yawa.

Kun san Kawu Sale a tsufansa, ba ku san shi yana da ƙarfi ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya toshe saboda ƙarar masaba. Tsinken ƙarfe yake yi wa masu tsire, da murhu, yana gyara butar gahawa, in layya ta matso kuwa layin masu wasa wuƙa har gangaren dutse. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana Zainabu ba, sai Uwata. A Makka aka haife shi, amma da iƙama ya zauna duk rayuwarsa, takardar baƙo, sai ka ce jiya ya sauko daga jirgi. Na taɓa tsokanarsa na ce ai ita ma takardar wani ce. Ya ce wannan ba laifi, baƙo aka rubuta a jikinta, kuma gaskiya aka rubuta. Ɗa ɗaya gare shi, Idi. Takardar Idi ta mutu, aka kama shi aka sa shi a jirgi zuwa Chadi, ƙasar da bai taɓa gani ba. Da muka je jaje Kawu ya ce to, ko ba komai ɗaya daga cikinsu ya kama hanyar gida. Ya faɗa yana dariya, amma ranar bai kunna wuta a maƙera ba.

Yanzu ga inda Keniyawa suka shigo. A kwalejin 'yan mata na karanta aƙida, a cikin darussan kuma akwai na addinan mutanen Littafi. An koya mana cewa irin waɗannan labarai ba ma gaskata su, ba ma ƙaryata su, ni ma a haka nake ba ku. A littattafan Bani Isra'ila akwai wasu mutane da ake kira Keniyawa. Ba 'ya'yan Annabi Yaƙubu ba ne. Dangin surukin Annabi Musa ne, wato dangin matarsa, mutanen sahara masu zama a tanti, wasu masana ma suna ganin maƙera ne. An ce Annabi Musa ya roƙi ɗaya daga cikinsu ya tafi da su saboda ya san wuraren zango a dajin, ya yi masa alkawarin raba alheri da shi, mutumin ya ce shi gida zai koma. Ba a faɗi ƙarara ko ya yarda ba, sai dai can gaba ka tarar da zuriyarsa zaune a kudancin ƙasar tare da ƙabilar Yahuza. Wani sarkin Bani Isra'ila da zai kai yaƙi kan mutanen da Keniyawa ke zaune a cikinsu, sai da ya aika musu su fita tukuna, saboda alherin da kakanninsu suka yi a hanya. Akwai wani gida a cikinsu da kakansu ya hana su gina gida da yin shuka da shan giya, suka riƙe har tsara bayan tsara, ba su shiga birni ba sai da rundunar abokan gaba ta kore su daga fili. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jerin asali. A wani wuri an lissafa Keniyawa cikin baƙin al'ummu, waɗanda za a ba wasu ƙasarsu. A wani wurin kuma, da marubuta suka zo jera zuriyar Yahuza, wane ya haifi wane, sai ga Keniyawa a ƙarshen jerin, a cikin gida, kuma ba a sauya musu suna ba. Kowa ya san ba jininsu ba ne, aka dai rubuta su.

Ranar da aka yi mana wannan darasi na dawo na tarar da Inna tana tsince shinkafa, na zauna na zayyana mata duka. Ta saurara har na gama, ta yi dariya har da share ƙwalla.

"Ashe har a can akwai irinmu," in ji ta. "To su sun koma gidan?"

Na ce ban ga inda aka ce sun koma ba. Ta ce ta sani, mai rakiya ba ya komawa. Daga nan in Kawu ya zo gaishe ta sai ta ce ga Bakeniye ya iso, shi kuma ya ce a dai ba shi gahawa, ko me aka kira shi ya amsa. Yaya yana nan ana wannan wasa, shi ma yana dariya. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce muku sai da rigima ta tashi na ƙirƙiro labarin.

Shekarar da aka zo rushe Nakkasa, Inna ta daɗe da rasuwa, gidan Tandabawi ma an daɗe da sayarwa. A tsakar rumfar Kawu ake yanka ragon ashan iyaye, a sauko da naman gidan Yaya a Rusaifa a dafa. Sai aka bi unguwar ana shafa jan fenti a bango, alamar kowa ya kwashe. Masu ƙarfi suka kama haya, marasa ƙarfi suka watsu cikin dangi. Kawu ya ɗaure uwar maƙera da masaba da awartaki a buhu, ya zauna a kai yana jira, don a saninsa gidan Malam Habu ba zai bar gidan Ilu a titi ba. Bai aika wa kowa ba. A ganinsa ba abin aike ba ne.

A shekarar ne kuma wani gida mai suna ya zo neman auren Nuha, 'yar autar Yaya. Mutanen kirki ne, ban ce ba, amma irin masu tambayar asali ne har kakan kaka. Yaya ya sa aka zana masa shajara, wato bishiyar zuriya, aka sa mata firam mai ruwan zinari, aka rataya a ɗakin baƙi. Malam Habu ne saiwar, an ƙara masa laƙabin malanta da ko shi bai san yana da shi ba. Rassa duk maza. Ranar da na je maganar Kawu na tsaya gabanta na duba sama da ƙasa. Ban ga kaina ba, wannan ban yi mamaki ba. Ban ga Inna ba. Ilu kuwa ko ganye ɗaya ba a ba shi ba.

Buƙatata ɗaya ce. Gidan Yaya ne kaɗai a danginmu mai fili a tsakar gida, har da wani lungu a baya inda ake tara tsofaffin tayoyi. Na ce a bar Kawu ya kafa rumfarsa a nan, ya ƙarasa kwanansa bai karya wasiyyar ubansa ba. Yaya ba marowaci ba ne, ku riƙe wannan. Nan take ya ce zai kama masa shaƙƙa, wato sashe a gidan bene, mai ɗaki biyu, ya biya haya har iya rayuwarsa. Na ce ya san Kawu ba zai shiga ba. Ya ce to wannan kuma taurin kansa ne, wasiyyar mutumin da ya mutu yana mafarkin Kano ba aya ba ce. Ya ce in duba ƙasar da muke ciki, in aka ce da mutum ɗan masu sana'ar hannu ne, sunan ya manne masa ke nan har jikoki, shi kuwa ba zai bari surukai su shigo su ga maƙeri a rumfar kwano a bayan gidansa ba. Game da shajara kuma ya ce mutum da ubansa ake kiransa, haka addini ya ce, haka ake yi ko'ina. A nan gaskiyarsa ce, na kuma faɗa masa gaskiyarsa ce. Sai na ce ba na neman a ce Malam Habu ne ya haifi Ilu. Na tuna masa Keniyawa, yadda aka bar su da sunansu aka kuma sa su a cikin jerin gida.

"Ke da Isra'iliyyatinki, Zainabu," in ji shi. "Mu ba Yahudawa ba ne."

"Ba Yahudawa ba ne, Yaya. Shi ya sa na zaci za mu fi su riƙon mai rakiya."

Wannan maganar ce ake yawo da ita har yau, an cire kanta an cire jelarta. Ya miƙe ya ce a kawo mini shayi, wanda a gidansa ma'anarsa an gama magana.

Na koma na sami babanku, Allah ya ji ƙansa. Benen da muke ciki na gidansu ne, mu ne a hawa na ƙarshe, rufin sama kuma ba mai amfani da shi sai tankunan ruwa da igiyar shanya. Na ce a can nake so a kafa wa Kawu rumfa. Ya yi gunaguni kwana biyu, ya ce 'yan'uwansa za su ce ya mai da gidan ubansu Nakkasa, daga baya ya yarda da sharaɗin ba wuta, ba ƙarar masaba. Yayanku Usman ya je da mota ya ɗauko shi. Kawu ya hau matakala yana hutawa a kowane hawa, ya fito rufin, ya ɗaga kai ya ga babu komai tsakaninsa da sama sai kwanon da aka kafa. Ya buga ƙafa a simintin da yake tsaye a kai, ya ce Ilu bai yi maganar abin da ke ƙarƙashin ƙafa ba. Da zafi ya taso muka sa masa na'urar sanyaya ɗaki, ina tsoron zai ƙi, ya ce Ilu bai hana sanyi ba. Buhun kayan ƙira ya zauna a lungu ba a kwance shi ba. Dutsen wasa wuƙa kaɗai ya fito da shi. Bai taɓa tambayata me ya sa ba gidan Yaya aka kai shi ba, ni ma ban faɗa ba.

Ramadan ya zo, Yaya ya aiko da ranar ashan iyaye kamar kullum, ya ce bana har da surukan Nuha. Tun jajibere Kawu ya fito da wuƙar Ilu daga kubenta. Ta sha wasa har ta rame, ƙotar ma an sauya ta ba sau ɗaya ba, amma ita ce. Ya wasa ta, ya gwada a gashin hannunsa, ya sa na goge masa farar jallabiyarsa. Bayan Azahar Usman ya kai mu. Ni na shige wajen mata, Kawu ya zauna a kujera a tsakar gida, a inuwar katanga, wuƙar a kan cinyarsa cikin tsumma, yana jiran a shigo da rago. Ta tagar kicin nake hangensa. Na lura ba a ɗora tukunya ba, na tambayi matar Yaya, ta ce wai ban sani ba, ai bana daga gidan dafa abinci aka yi oda, tunda hukuma ta hana yanka a cikin unguwa. Hanin gaskiya ne. Amma akwai bayan gari, akwai waya, akwai baki. Ba wanda ya ga ya dace a gaya wa tsohon. Na tashi zan fita in gaya masa da kaina, sai ga motar gidan abinci ta shigo, ma'aikata suka fara sauke manyan farantai a rufe, ƙamshin nama ya cika gidan. Suka bi ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Ya bi su da ido har na ƙarshe. Sannan ya ƙara naɗe tsumman, ya cusa wuƙar a aljihun gefe, ya ciro carbi.

Da aka sha ruwa aka yi Magariba, maza suka zauna a ɗakin baƙi, mu muna falo na ciki, ƙofa a buɗe da labule a tsakani. Yaya ya tashi kiran sunaye. Bana ba da ka ya kira ba, gaban shajara ya tsaya yana karantawa, yana nuna wa baƙi da yatsa. Ya ce Malam Habu, ya ɗan tsaya. A cikin wannan tsayawar sai matan gidan, tsofaffi da masu tsaka-tsaki, har da matar Yaya kanta, bakinsu ya tafi shi kaɗai kamar yadda ya saba tun suna yara, suka ce, da Ilu Maƙeri da zuriyarsa. Ba da ƙarfi ba, amma ya ratsa labule. Matar Yaya ta rufe bakinta da hannu. Ba ni na shirya ba, wallahi, ko da yake an ce ni ce. Ni ma bakina ne ya tafi. Yaya ya yi gyaran murya ya wuce suna na gaba.

Abin da ya biyo baya Usman ne ya gaya mini, don yana kusa. Ana cin abinci baban angon ya nuna Kawu ya tambayi Yaya cikin ladabi wane ne wannan dattijo, kuma wane ne wanda mata suka ambata. Yaya ya ce tsohon sani ne na gidan, tun zamanin kaka suke tare da su. Na tambayi Usman ta wane gefe Kawu yake zaune, ko Allah ya sa kunnen da ya toshe ne ke wajensu. Ya ce na dama ne, mai jin.

Da muka iso gida, Kawu ya tsaya a hawa na biyu yana mai da numfashi, ya ce da ni:

"Uwata, naman ya yi daɗi. Sun iya dahuwa."

Iyakar abin da ya taɓa cewa a kan ranar ke nan.

Daga wannan shekara ban sake zuwa ashan iyaye a gidan Yaya ba. Nawa nake yi. Usman yakan kai Kawu gonar wani abokinsa a bayan gari, ya riƙe masa ragon, shi ya yanka, har shekarar da hannunsa ya gaza ya ɗora nasa a kan na Usman. Babanku ne ke kiran sunayen, bayan rasuwarsa ni nake kira daga bayan labule, ko wani ya so ko bai so ba. Dangi suka rabu, wasu can, wasu nan, masu wayo su ci can su zo nan su ƙarasa. Bikin Nuha na je, aka zaunar da ni teburin maƙwabta, na ci na yi addu'a na taho. Tana zaune lafiya a gidan mijinta, har da 'ya'ya, kuma ba zan rantse cewa auren zai yiwu ba da an ga rumfar a bayan gida. Wataƙila Yaya ya fi ni sanin mutanen. Amma abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Mutumin nan shi ya riƙa kai ni makaranta a hannu, shi ya tsaya wa Baba a kan sai na shiga kwaleji. Yanzu sai ranar Idi muke waya, mu tambayi lafiyar gwiwa da hawan jini, mu ajiye.

Kawu ya rasu a rumfarsa da hantsi, bayan ya sha gahawa. Aka yi masa salla a Harami, aka binne shi a maƙabartar da ba a rubuta sunan kowa. Idi ya yi kuka a waya daga Chadi, ba shi da hanyar zuwa. Kun san yadda ake zaman makoki a garin nan. A tare titi, a jera kujeru, a rataya fitilu, bayan Magariba dangin mamaci su tsaya a sahu ɗaya, masu gaisuwa su biyo layi suna dafa kafaɗar kowa suna wucewa. Wanda ya tsaya a sahu ya ce mamacin nasa ne, ba sai ya buɗe baki ba. A sahun Kawu, Usman ne, da ƙanensa Bashir, da wasu tsofaffi biyu masu tsire da suka ce ba mai hana su tsayawa. Ni ina rufin sama, a bakin katanga, kusa da rumfar, ina kallo.

Na ga motar Yaya ta tsaya a bakin titi. Ya fito da sandarsa, ya gyara mayafin kansa, ya daɗe a tsaye. Usman ya hango shi, ya matsa gefe ya buɗe masa wuri a farkon sahu, inda babban gida ke tsayawa. Yaya ya dubi wurin. Daga sama ba na ganin fuskarsa, saboda haka ba zan ce muku ga abin da ke cikinta ba. Sai ya taka ya shiga layin masu gaisuwa, a bayan mai kantin unguwarmu. Da layi ya kawo shi ya dafa kafaɗar Usman ya ce Allah ya girmama ladanku, ya dafa ta Bashir, ya dafa ta masu tsire, ya sha gahawa kofi ɗaya ya tafi. Usman bai koma ya rufe wurin ba. Haka aka yi kwana ukun da gurbin mutum ɗaya a farkon sahu.

Wuƙar tana wajen Usman. An aiko daga gidan Yaya ana so a sa ta a gilashi a rataya kusa da shajara, wai wuƙar tafiyar kaka, na ce a gaya musu tana aiki.

Ban rubuta wannan don ku yanke zumunci ba. In na ji wani a cikinku ya wuce ƙofar Abdulƙadir bai shiga ya gaishe shi ba, ni da shi ne. Ku dai duba shajarar nan in kun je. Ba kwa ciki, don ku 'ya'yan mace ne, shi ma in kuka zana taku ba zai fito a ciki ba. Ɗan'uwan uwarku ne, iyakarta ke nan. Abin da Sale yake a wurinsa, shi ne shi a wurinku. Ya tsufa, ya girme ni, kuma ba mai sanin wanda zai riga wani. In tasa ta zo, ko ina raye ko ba na raye, kada in ji an ce an gan ku a layin masu gaisuwa. Ku tsaya a sahu.